Gidan Esposito

Jabiru ya turo takardar ta ƙarƙashin wayar taga a karo na biyu, Ezekiel ya sake mayar masa da ita ciki da yatsa ɗaya.

"Karanta da kyau, ɗana. A Kwalo aka haife ni, cibiyata tana can. Yarinyar nan kuwa 'yata ce. Me kuma kake nema?"

"Saja, na karanta," in ji Jabiru, magatakardan da ke karɓar takardun masu neman shaidar zama ɗan ƙasa a sakatariya. "Leah Ezekiel Esposito. Wanga suna ban san inda zan aje shi ba. Oga ba ya sa hannu sai da wasiƙar mai garinku, wadda ta faɗi gidan da kuka fito. Gidan wa? Ita ke nan tambayar, kuma kowa ita muke yi masa."

"Ni da na shiga soja ba wanda ya tambaye ni."

"Lokacinku ke nan, Saja. Yanzu ana tambaya. Kuma in gaya maka gaskiya, Oga ƙarfe huɗu zai tashi, gobe ba ya gari."

Wani daga bayan layi ya ɗaga murya. "Saja Fosito, a garzaya Roma a karɓo mana! Jirgin ƙarfe goma bai tashi ba." Layin ya fashe da dariya. Ezekiel ya waiwaya da idon nan nasa na fareti, amma kowa ya mayar da fuska ga bango.

Duk Zuru babu wanda bai san Saja Fosito ba, domin haka ne bakin mutane ya iya furta sunan. Shekara ashirin da uku ya yi a soja, ya je Laberiya ya dawo da ƙafafunsa biyu, ya yi ritaya ya kafa injin niƙa a bayan kasuwa. Jatau ne, gashinsa a kwance, hancin nan kamar an feƙe shi da wuƙa. Ubansa mutumin Italiya ne, cikin waɗanda suka zo aikin hanya gab da samun mulkin kai, ya tafi tun Ezekiel yana ciki. Abin da ya bari hoto ɗaya ne, da suna a bayansa. To a kan wannan suna Ezekiel ya gina gari guda da bakinsa. In an zauna a rumfar mai shayi yakan ce gidan Esposito babban gida ne a Italiya, masu gonakin inabi, kuma ubansa ya ɗaura aure da uwarsa a gaban alƙali a Kwantagora, takardar ce kawai gara ta cinye. Ya faɗa, ya faɗa, har shi kansa ya daina jin inda ɗinkin yake.

Leah ta ja hannun rigarsa suka fito. Doguwa ce, baƙa kamar uwarta, ba ta ɗauko komai na kakan nan ba sai sunan. Wata takwas tana tashi da asuba tana gudu har gindin dutse ta dawo. Jibi ake tantance masu shiga soja a Birnin Kebbi, motarsu gobe da sassafe za ta tashi, kuma wanda ba shi da shaidar zama ɗan ƙasa ko ƙofar filin ba zai shiga ba. Bana ce shekararta ta ƙarshe. Baɗi shekarunta sun wuce abin da ake ɗauka.

"Baba, sau nawa na ce mu zo tun watan jiya?"

"Ina ce sa hannu ne kawai."

"To ga shi muna fafe gora ranar tafiya. Ƙarfe goma saura. Kwalo tafiyar awa ɗaya ce, mu je wurin Kaka Yari."

Ezekiel ya shiga laluben makullin babur a aljihun da ya san ba nan yake ba.

Yari wan uwarsa ne, shi ya raine shi, shi ya koya masa riƙon fartanya da kokawa. Ranar da aka zo ɗaukar soja, shi ya rako shi har filin, ya tsaya a gefe da sandarsa. Hafsan da ke rubutu ya ce, sunan uba? Duk wanda ke wurin ya ɗauka Yari zai ji. Ezekiel ya buɗe baki ya ce Esposito. Yari ya juya ya ɗauki hanyar Kwalo. Shekara ashirin da tara ke nan, gaisuwa ce kawai tsakaninsu, ita ma a tsaye. Ko da aka binne Sila, uwar Ezekiel, shekara uku da suka wuce, ɗaya yana wannan gefen kabari ɗaya yana wancan. Mai garin Kwalo kuwa ba zai rubuta wa kowa wasiƙa ba sai babban gidansu ya ce nasa ne. Babban gidan shi ne Yari.

Ya buga babur ya tashi, Leah ta hau baya. Sun wuce tasha, sun wuce masu sayar da doya, sai ta ga ya karya kan babur ya ɗauki hanyar Ribah.

"Baba, wannan ba hanyar Kwalo ba ce!"

"Na sani."

"To ina za mu?"

"Sansanin masu gyaran hanya. Akwai wani Bature ɗan Italiya, wata biyu ke nan da zuwansa. Zai rubuta mana takarda da hatimin kamfani, ya faɗi ko su waye mu. In Oga ya ga hatimi zai sa hannu."

"Jabiru bai ce a kawo takardar Italiya ba!"

"Ke, riƙe ni da kyau, akwai rami."

Ya san abin da ta faɗa gaskiya ne. Amma tsohon soja ya gwammace ya zagaya dutse sau bakwai da ya hau shi ya durƙusa. Wata biyun nan kuwa kullum sai ya ce gobe zai je ya ga Baturen, kullum sai injin ya sami abin da ke buƙatar gyara.

Mai gadin sansanin tsohon kofur ne, ya ƙame ya sara wa Saja, ya nuna musu wata inuwa tsakanin manyan akwatunan ƙarfe biyu. Can suka tarar da wani tsoho ja wur, gajeren wando, gashin ƙirji fari fat, ya baje kan famfo a kan buhu yana wanke shi da fetur, yana kuma tauna dafaffiyar gyaɗa. Sunansa Barbieri. Shekara talatin da biyar yana bin hanyoyin Arewa, Hausarsa irin ta direbobin tirela ce, babu ado amma ba ta faɗuwa.

Ya dubi Ezekiel sama da ƙasa ya yi dariya. "Kai, wa ya manta da kai a nan?"

Ezekiel ya ji daɗin tambayar. Ya gyara tsayuwa. "Sunana Ezekiel Esposito. Wannan 'yata ce."

"Ku zauna, ku ci gyaɗa. Esposito! A Zuru!"

"Ka san gidan ke nan?"

"Na san sunan. Sunayenmu ba wani abin mamaki ba ne, kamar naku suke. Ni Barbieri, kun san ma'anarsa? Wanzami. Kakan kakana aski yake yi, yana cire haƙori. Ni ko gemuna ban iya gyarawa ba, amma Wanzami nake har in mutu. Ferraro, maƙeri. Rossi, jatau, mai jan gashi. Romano, mutumin Roma, kamar ku ce Bakano. Wani sunan ubansa ne ya bi shi. Wani kuwa tsiya aka yi wa kakansa a kasuwa ta manne wa jikoki. Akwai wanda muka yi aiki da shi a Gusau, Mangiapane. Wato Maci Burodi. Babban injiniya, da tabarau, da mota, amma Maci Burodi."

Leah ta yi dariya har ta ƙware da gyaɗa. Ezekiel ya dubi agogo. Sha ɗaya da kwata.

"To namu fa? Abin da nake so ka gaya mini, a wane gari gidan yake, wace unguwa, kuma wane ne babba a cikinsu yanzu. Sai ka rubuta mini a takarda ka buga hatimi. Shaidar zama 'yar ƙasa ake hana yarinyar nan."

Barbieri ya ajiye abin da ke hannunsa, ya goge yatsunsa da tsumma ɗaya bayan ɗaya. "A Napoli suka fi yawa. In ka tsaya a tsakiyar kasuwa ka kira Esposito, mutum ɗari za su waiwayo."

Ezekiel ya bugi cinyarsa. "Kin ji ko? Na gaya miki babban gida ne!"

"A'a, Saja. Ba gida ba ne."

"Kamar yaya?"

Tsohon ya dubi Leah, kamar yana tambaya ko a faɗa a gabanta. Ba ta kawar da kai ba, don haka ya ci gaba.

"Can da daɗewa akwai wani gidan 'yan sista a Napoli. A jikin bangonsa an yi taga, a cikin tagar an sa wani abu kamar ganga, mai juyawa. Macen da ta haihu ba ta da yadda za ta yi, ko yunwa ko kunya, sai ta kawo jaririn ta sa a ciki, ta juya gangar, ta kaɗa ƙararrawa, ta yi tafiyarta. Na ciki ba su ga fuskarta ba, ita ma ba ta ga tasu ba. In an zo rubuta yaron a littafi, babu uba, babu uwa, sai a rubuta Esposito. Wato wanda aka ajiye a waje. Ɗan tsintuwa. Kowane gari da irin sunan da yake ba nasa, na Napoli ke nan. An daɗe da daina yi. Amma mai sunan nan, in ka bi shi baya, kaka, kakan kaka, a bakin tagar nan za ka tsaya."

Wata babbar mota ta shigo da tsakuwa ta juye, ƙarar ta cika wurin. Ezekiel ya jira ta lafa.

"To ai duk 'yan gida ɗaya ne ke nan, tunda wuri ɗaya aka raine su."

"Ba su san juna ba. Wannan an ajiye shi bana, wancan shekara ɗari kafin shi."

"To wa ke nema musu aure? In sun mutu wa ke binne su?"

Barbieri ya buɗe hannuwansa biyu. "Wanda Allah ya kawo. Kada ka ɗauka abin kunya ne yau. Akwai likitoci masu sunan, akwai alƙalai. Amma babba da za ka rubuta wa wasiƙa ya ce ku taho gida, babu shi."

Ezekiel ya zaro hoton daga cikin katin ritayarsa ya miƙa, shi kansa bai san me yake so a gani a ciki ba. Tsohon ya ɗaga shi nesa da idonsa. Saurayi ne siriri, ya jingina da tayar gireda, motar nan mai kankare hanya, yana kare rana da hannu.

"Wannan ai yaro ne. Bai kai ashirin da biyar ba. Direban gireda. Irinsu daga kudancin ƙasarmu suke zuwa, akwati ɗaya, takalmi ɗaya. Ni ma haka na zo." Ya mayar masa da hoton da hannu biyu. "In kana so in rubuta abin da na gaya maka, zan rubuta, in buga hatimi."

"A'a. Bar shi."

"Ku tafi da gyaɗar mana."

A bakin ƙofa Ezekiel ya hau ya riƙe kan babur, bai tayar ba. Gabas ta yi baƙi, iska ta fara kaɗa ciyawar gefen hanya. Tunaninsa bai tsaya a Napoli ba, rumfar mai shayi ya tafi, yana ƙirga fuskokin da suka sha jin labarin gonakin.

"Baba."

"Na'am."

"Ni fa na daɗe da sanin babu gonar inabi."

Ya juyo. "Wa ya gaya miki?"

"Kai. Ina aji uku gona ɗaya ce. Da na gama sakandare sun zama bakwai, har da tafki."

Ya so ya daka mata tsawa, sai ya ji babu iskar yi.

"Ni ba inabi nake so ba, Baba, kaki nake so. Sha biyu ta wuce."

Ya buga babur.

Ruwan ya same su bayan sun bar kwalta. Leah ta cusa takardunta cikin leda ta tura a rigarta. Hanyar Kwalo da damina ba hanya ba ce, sawun shanu ne da ruwa ya ci. Sau biyu babur ya zame suka dire ƙafa. A rafin da ke ƙasan gari ruwa ya kai gwiwa, suka sauka suna turawa, shi riƙe da kan, ita a baya, yana haki yana zagin mai babur da wanda ya sayar masa. Suka jingina shi a gindin wata ɗorawa suka hau dutsen da garin ke kai da ƙafa. Kowane taku yana shirya abin da zai faɗa. Zai ce yarinya ce ta matsa. Zai ce doka ce ta gwamnati. Zai ja Yari gefe, su biyu, a gama a rufe.

Bai samu gefen ba. Ruwan ya koro dattawan garin duka daga gona, sun taru a rumfar mai gari, su wajen goma, ƙwaryar burkutu tana zagayawa. Yari yana daga ciki kan turmi a kife, yana tufka igiya a cinyarsa. Ya tsufa, amma kafaɗun kokawa ba su tafi ko'ina ba.

Leah ta durƙusa ta gaishe su da yaren gida. Fuskar Yari ta washe.

"Matata ce wannan? Kin ƙi ni kin tafi birni, yau kuma ruwa ya koro mini ke. Zo nan kusa da wuta." Sai ya ɗaga kai kaɗan. "Wannan Baturen da kika zo da shi, a nemo masa kujera. Ba su iya tsuguno ba."

Dattawa suka yi ƙasa da kai suna murmushi. Ezekiel ya tattare wandonsa da ke ɗigar ruwa ya tsuguna a ƙasa, gwiwoyinsa suka yi ƙara kowa ya ji.

"Kawu, ina wuni."

"Lafiya."

Ya faɗi abin da ya kawo su, a gajarce, kamar mai ba da rahoto. Mai gari, wanda ya taɓa yin malamin makaranta, ya aika aka ɗauko masa takarda da biro da hatimi a cikin gwangwani. Ya ɗora takardar a gwiwa.

"Abu mai sauƙi. Gidan wa zan rubuta?"

Ezekiel ya dubi Yari. Yari yana kallon igiyarsa.

"Ai yana da gida," in ji tsohon. "A Italiya. Muna ji daga masu zuwa kasuwa, an ɗaura auren uwarsa a kotu a Kwantagora. Mu dai ba a gayyace mu ba. To ɗan aure na ubansa ne. Mu nan ba mu ƙwace ɗan mutane."

Kowa a rumfar ya san inda maganar ta dosa. A Kwalo mace ba ta zama matar mutum sai ya yi golmo, wato ya kwaso samarin danginsa da abokansa su yi wa uban yarinya noma damina bakwai. In an gama, mata da 'ya'ya nasa ne. In ba a yi ba, abin da aka haifa na gidan uban yarinya ne, ya ci gado a nan, a binne shi a nan. Hanya biyu ce, babu ta uku. Ko Ezekiel ɗan auren Kwantagora ne, ya nemi garinsa a gaba, ko kuwa babu auren.

Ruwa yana zuba daga bakin rumfa. Ya ji idon Leah a ƙeyarsa. Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi.

"Babu kotu, Kawu."

"Ɗaga murya, kunnen ya tsufa."

"Ba a ɗaura komai a Kwantagora ba. Ni na ƙaga."

"Takardar da gara ta ci fa?"

"Babu takarda."

Wani tsoho a gefe ya ce, "Allah sarki gara, an daɗe ana yi mata sharri." Aka yi dariya, amma ba mai yawa ba.

Da ya fara, sai ya kasa tsayawa. Ya gaya musu Baturen sansani, da tagar, da gangar mai juyawa, da ƙararrawa. Ya ce sunan da ya riƙe shekara ashirin da tara, ma'anarsa yaron da aka ajiye a waje. Ya faɗa yana jiran a fashe da dariyar da za a yi shekara ana yi.

Yari ya daina tufka. "Sai yau ka sani?"

"Kai ka sani?"

"Taga da ganga ban sani ba. Amma na san ba shi da kowa. Da cikin Sila ya fito, babanmu ya aike ni sansaninsu, ni da kukunsu mai yi mana tafinta. Na ce masa ga al'adarmu, ya kawo danginsa a fara golmo. Ya ce ba shi da dangi. Na ce ko ƙanen uba? Ya ce babu. Ko ɗan unguwarsu? Ya ce shi kaɗai ne, ubansa ma shi kaɗai ne. Na ɗauka ƙarya ce irin ta mai gudun noma."

"Sai ya gudu?"

"Ina fa! Ran Lahadi muna zaune sai muka ji dutse yana rawa. Ya sato giredar kamfani ya hawo da ita. Ya ce shi ba shi da samari, amma wannan ta fi samari ɗari. Kafin a hana shi ya shiga gonar babanmu. Wuni ɗaya ya share ta tas, ta yi sumul kamar filin jirgi. Ya kankare baƙar ƙasar duka ya tara a gefe, ya ture duwatsun da kakanninmu suka jera don tare ruwa. Ya sauko yana dariya, yana jiran a gode masa. Shekara uku gonar nan ko zangarniya ɗaya ba ta ba mu ba."

Yanzu kam rumfar ta ɗauka. Waɗanda suka gani da idonsu suna yara suka shiga nuna yadda ƙarfen ya yi, wani har da ƙarar injin. Ezekiel ya ji dariya ta kama shi a wurin da bai shirya ba, ya rufe fuska da hannu, ya daɗe bai buɗe ba.

"Dattawa suka zauna," in ji Yari, "suka ce noman ƙarfe ba golmo ba ne. Kamfani kuma ya ji labarin gireda, aka ɗauke shi aka kai wani wuri. Ranar tafiya ya zo nan ya tsaya yana kuka kamar ɗan yaye. Yaron kirki ne, noma ne bai sani ba. To tunda ba a yi golmo ba, kai ɗan gidan babanmu ne tun kana ciki. Ba alfarma muka yi maka ba."

"Me ya sa ba ka taɓa gaya mini ba?"

"Ka taɓa tambaya?"

Ezekiel ya share fuska da gefen rigarsa. Ya juya ga mai gari da murya irin ta mai ba da oda. "Ranka ya daɗe, a rubuta Leah Ezekiel Yari. Wancan sunan a cire shi. Ni ma gobe zan je kotu in canza."

"Baba, takardun makarantata duk Esposito ne," in ji Leah. "In suka sha bamban za su kore ni tun daga bakin ƙofa."

"Ko ba don takarda ba," in ji Yari. Ya nuna Ezekiel da bakin igiya. "Jiya da kake cewa ubanka mai arziki ne ka rungume shi. Yau ka ji maraya ne za ka yar. Sau nawa za a ajiye mutum ɗaya a waje?"

Mai gari ya danna biro, ya rubuta a hankali yana karantawa a fili: Leah Ezekiel Esposito, ta gidan Yari, Kwalo. Ya hura wa hatimi iska ya buga. Yari ya dangwala babban yatsa a tawada ya danna a ƙasa, ya goge sauran a jikin turmi.

Leah ta karɓa da hannu biyu, ta naɗe a leda. "Baba, biyu da rabi."

Ezekiel ya dafa ƙasa ya miƙe da ƙyar. Ruwan ya tsagaita. Ya tsaya yana neman abin da zai ce, bakinsa ya ƙi kawo komai sai, "Kawu, sai mun dawo."

"Asabar," in ji Yari, ya koma kan igiyarsa. "Ka zo da fartanya. Gero na jiran noma na biyu."

"Ni?"

"Golmon ubanka. Damina bakwai, ko ɗaya ba a yi ba. Wa zai yi masa in ba kai ba?"

Mai gari ya ɗago daga rufe gwangwani. "To Yari, in ya cika bakwai ɗin fa? Ai ya zama na Italiya ke nan, sai mu karɓe wasiƙarmu."

Yari ya dubi ɗan ƙanwarsa, ya tsayar da ido a kan cikinsa da jiƙaƙƙiyar riga ta manne wa.

"Da wannan tumbin? Ba zai cika ba."

Ezekiel yana jin dariyarsu har ya kai rabin gangara. Leah ta riga ta yi nisa, tana tsallake duwatsu da gudu, hannunta ɗaya dafe da ƙirji inda takardar take.